Wanda ya tarar da fim a tsakiya, ina idonsa ke zuwa?

Abban Hanan: Jama'a ku taya ni ji. Jiya muna kallo ƙanena ya faɗo fim ya yi rabi, ya ishe mu da "wane ne wannan? me ya yi masa?" har sai da na kashe talabijin. Wanda bai ga farko ba, ko inda zai kalla ma bai sani ba. Makaho ne da ido a buɗe.

Malam Idi: Abban Hanan, an gwada wannan, kuma ba haka ta fito ba. Lester Loschky na Jami'ar Jihar Kansas a Amurka da abokan aikinsa sun ɗauki farkon fim ɗin Touch of Evil na 1958, inda wani ke dasa bam a but ɗin mota. Wasu 'yan kallo sun ga dasawar, wasu an yanke musu wurin, aka sa na'ura tana bin ƙwayar idon kowa. Kusan duk wuri ɗaya suka riƙa kallo. Bambancin a kai yake: wanda ya ga bam yana jiran fashewa, ɗayan mota kawai yake gani tana tafiya. Masu binciken suna kiran abin kama-karyar fim, wato darakta ke jan idonka.

Hajiya Talatu: Kama-karya kuma? Malam, mu da muka ga mulkin soja mun san kama-karya. Wa ya ɗora maka bindiga ka kalli mota?

Baba Ɗan Sinima: Hajiya ta yi gaskiya. Wannan gwaninta ce. Ka sa haske a fuskar jarumi, ka duhunta baya, ido ya bi. Ina zalunci a nan?

Malam Idi: Hajiya, ba ni na raɗa sunan ba.

Sadiya: To ai fassararka ce, Malam. Ka ce rinjaye mana.

Hajiya Talatu: Rinjaye na zaɓe ne, 'yata.

Ɗan Sabon Gari: Ni a finafinanmu ban ga mai jan ido ba. Kujerun falo nake kallo da labule. Indiya su ne masu aiki.

Baba Ɗan Sinima: Yaro, kyamara nawa ka taɓa riƙewa? Kai da sai an fassara maka Indiya kake gane wa ya mutu.

Ɗan Sabon Gari: Baba, girmanka ne, amma ba ka amsa zancen labule ba.

Abban Hanan: Wai ƙanena fa nake magana.

Shugaban zaure: A taƙaice, an yarda daraktocinmu gwanaye ne, kalmar kama-karya ba ta dace ba, masu kushe finafinan gida kuma ba su kawo hujja ba. An rufe.

Malam Idi: Ranka ya daɗe, maganar bam ɗin fa?