Farin gefen ganyen okid ɗina yana ƙonewa, a Jidda nake

Maman Sumayya, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san kan furen okid, musamman irin masu ganye launi biyu. Tukunya biyu gare ni. Ɗaya ƙaramar Phalaenopsis ce, a 'yar takardar da ke soke cikin tukunyar an rubuta Sogo Vivien. Ganyenta kore ne a tsakiya, gefensa fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Ɗayar Ludisia ce, ganyenta baƙi-baƙi mai laushi da jijiyoyi ja siri-siri. A wani mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, na saye su, kuma kuɗin mai farin gefen ya ninka na 'yar'uwarta mai kore zalla.

A falon baƙi na ajiye su, kan teburin gilashi na tsakiya, don nan suka fi fitowa, duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni ko na roba ne. Falon taga ɗaya gare shi, labule kullum a sauke, mukayyaf kuma, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya hutawa. Ruwan famfo nake ba su. Yanzu farin gefen nan ya soma komawa ruwan ƙasa yana bushewa daga baki, tohon furen da bai kai ga buɗewa ba ya yi rawaya ya kakkaɓe. Ita kuwa Ludisia sai tsawo take yi, sababbin ganyen suna fitowa ƙanana. Bikin 'yata yana tafe bayan ƙaramar Sallah, dangi za su zo daga Makka da Madina, ina so su tarar da su da kyansu. Don Allah a taimaka mini.

Baba Iliya mai lambu, Ɗa'if

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanya alheri a bikin, Ya ba su zaman lafiya.

Aikin shuka nake yi a nan Ɗa'if tun gashina yana baƙi, wardi ne sana'ar, amma ina da ɗakin da nake kiwon okid, kuma irin taki mai farin gefe tana cikin waɗanda na fi ji da su. Abin da zan faɗa ba zai yi miki daɗi ba: teburin tsakiyar falo ba wurin zamanta ba ne. Wurin da ta fi yi wa ido kyau daban, wurin da za ta rayu daban.

Koren ganye shi ne ke sarrafa haske ya zama abincin shuka. Farin gefen nan da kika biya kuɗi dominsa ba ya samar da komai, ci kawai yake yi daga abin da koren tsakiya ya nema. Shi ya sa mai launi biyu ba ta da saurin girma, kuma ta fi mai kore zalla buƙatar haske mai kyau. Sannan farin ya fi ko'ina rauni: rana ta taɓa shi ya ƙone, busasshiyar iska ta buge shi ya ƙone, saiwa ta kasa ɗauko ruwa shi ne farkon bushewa. To ke kin haɗa mata duhu da iskar mukayyaf a lokaci guda.

Amma ba a ganyen gizo ke saƙar ba, a cikin tukunya yake. Ki ɗaga ta daga tukunyar ado, za ki tarar da wata ta roba mai haske a ciki. Ki duba saiwoyin. Lafiyayyar saiwa kauri gare ta, in ta bushe launin azurfa ce, in kin zuba mata ruwa nan take a gaban idonki ta koma kore shar, bakinta kuma kore ne mai ƙyalli in tana cikin girma. Matacciya ruwan ƙasa ce, in kin matsa ta da yatsa sai ta lotse, ɓawon ya zame ya bar wani ɗan zare a hannunki. A dazukan kudu maso gabashin Asiya inda asalinta yake, Phalaenopsis a jikin itace take maƙale, saiwoyinta a fili suna shan ruwan sama su bushe a iska. Wanda ya gan ta zai ce kauci ce, amma kauci tsotsar itacen yake yi, ita kuwa wurin zama kawai take nema. Saiwar da aka halitta don iska, in aka dunƙule ta cikin jiƙaƙƙen abu ba ta bushewa, ruɓewa take yi. Masu kawo su daga waje sukan cusa musu gansakuka su danne ta tam don ta jure tafiya, kuma sau da yawa akwai wani ɗan dunƙule a can tsakiya, daidai ƙarƙashin gindin, da ba ya bushewa sam ko da saman ya yi ƙayau.

In kin ga ruɓa, ki jiƙa gansakukar ta saki, ki zare ta a hankali da yatsa, ki yanke matattun saiwoyin da almakashin da kika goge da sifirit. Ki mayar da ita ƙaramar tukunya mai huji da yawa, da ɓawon itace na okid da ake sayarwa a leda, ki haɗa da ɗan gawayi da gansakuka kaɗan a sama saboda bushewar ɗakunanmu. Kada ki sa mata ƙasa ko kaɗan.

Wurin zama kuma, taga mai kallon gabas, bayan farin labule marar kauri. Ki kiyayi tagar yamma, ranar la'asar ta Jidda ba ta da sauƙi, wuni ɗaya ya isa ta toya farin. Ki sa hannunki tsakanin taga da ganyen: in inuwar ta fito da laushi, gefenta bai fita sosai ba, hasken ya yi daidai. In ta fito baƙa ƙirin kamar an zana, ki ja tukunyar baya. Ruwa da safe, sai saiwa ta koma azurfa, ki zuba sosai ya tsiyaye ta ƙasa. In ya taru a tsakiyar ganyen inda sabo ke fitowa, ki tsane shi da tishu, don daga nan ruɓar da ba ta da magani take kamawa.

Ranar da baƙi za su zo ki ɗauko ta ki ɗora a teburinki, su gani su yaba, da dare ki mayar da ita tagarta. Kwana ɗaya ko biyu a falo ba zai yi mata komai ba.

Ummu Faisal, Makka

Yaya, duk abin da Baba ya faɗa haka yake. Tambaya ɗaya zan ƙara: kina sa turaren wuta a falon? Na san amsar, wace ce a cikinmu ba ta sawa. Hayaƙi yana ɗauke da wani iskar gas da ake kira etilin, shi ne kuma wanda ayaba da tuffa ke fitarwa in suna nuna, kuma tohon okid ba ya jure shi ko kaɗan. Kasko ɗaya a rufaffen ɗaki ya isa ya sa tohon ya yi rawaya ya zube. Ki raba ta da kaskon turare da kwandon kayan marmari. Ranar biki ma ki fara turara ɗakin, hayaƙin ya fita, sannan a shigo da ita.

Batun ruwa, ki duba bakin tukunyar da saman gansakukar ko akwai wani farin gari da ya daskare. Gishiri ne, kuma yana ƙona bakin saiwa. Ni ruwan da ke ɗiga daga bututun mukayyaf nake tarawa a jarka mai tsabta, kusan ba shi da gishiri, ku kuma a Jidda da danshin teku sai ki tara da yawa a wuni. Ruwan filtar kicin ma ya yi. Tunda irin wannan ruwan ba abinci a cikinsa, sai ki riƙa sa takin okid, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, lokaci-lokaci kuma ki wanke tukunyar da ruwa zalla.

Ludisia ɗinki kada ki damu, ta fi ɗayar haƙuri nesa ba kusa ba. Ita a ƙasan daji take rarrafe, tana son abin da aka dasa ta ciki ya zauna da ɗan danshi, ba jagwab ba. Tsawon da take yi haske take nema. Ki matsar da ita kusa da taga, bayan Phalaenopsis ɗin. Karan da ya yi tsawo ki karye shi ki kwantar a kan gansakuka mai laima, zai yi saiwa ta gaɓoɓinsa, kin sami ta biyu. Lokacin sanyi takan fitar da kara mai ƙananan furanni farare da ɗigon rawaya a tsakiya. Ni tawa a faffaɗan kwano take, ta cika shi har tana zubowa ta gefe, kuma da dare in hasken fitila ya sauka a kan jan jijiyoyin nan, ta fi furen kanta kyau a wurina.

Abdulhadi, ɗalibin aikin gona, Jidda

Anti, ina wuni. Iyayena sun gama magana, abu biyu kawai zan ƙara.

Ba kowane ratsin ganye ne ado ba. Akwai ƙwayoyin cutar bairos guda biyu da suka fi addabar okid a duniya, Cymbidium mosaic da Odontoglossum ringspot, suna sa ganye ya yi dabbare-dabbare ko zobba, wani lokaci wurin ya lotsa ya yi baƙi. Ba su da magani, kuma almakashi ne ke ɗaukar su daga tukunya zuwa tukunya, shi ya sa aka fi son a ƙona bakin almakashin a wuta kafin a taɓa wata shukar. Na Sogo Vivien ado ne na gaskiya, farin yana bin gefe a tsare a kowane ganye, an kuma samar da irin ne a Taiwan. Amma in wani ya tallata miki mai ratsi barkatai ya ce ai mai wuyar samu ce, ki duba da kyau kafin ki biya.

Na biyu, na san wasu kan roƙi abokan arziki 'yan Indunusiya ko Malesiya su taho musu da Macodes petola, mai jijiyoyin zinari, a cikin jaka in za su zo Umra. Dukkan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, Saudiyya kuma tana cikinta. Tsallaka iyaka da su sai da takardu, wasu kamar Paphiopedilum na daji ma an hana cinikinsu. A saya wurin mai shigo da su ta hanya. Ita Macodes ɗin ma in an samu, sai a cikin akwatin gilashi mai murfi take jin daɗi a ɗakin mukayyaf, da fitilar LED a sama kamar awa 12 a rana.

Mai son ganye mai zane da ba ya ba da wahala, akwai Oeceoclades maculata, asalinta daga Afirka ne, har da yammacinta. Ganyenta mai kauri ne, kore da dabbaren kore mai duhu, a ƙasa take fitowa, kuma tana jure bushewa.

Maman Sumayya, Jidda

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba, na ɗaga tukunyar. Saiwoyin da ke zagaye ta gefe kore ne masu kauri, amma da na buɗa tsakiya na tarar da dunƙulen nan da ka faɗa, jiƙe sharkaf, yana wari, saiwoyin da ke cikinsa duk sun lotse. Na yanke su. Masu rai huɗu suka rage, ɗaya da koren baki. Farin garin da Ummu Faisal ta ce shi ma yana nan a bakin roba. Ɗakin ɗinkina yana da tagar gabas, can na kai su. To Baba, gefen da ya ƙone zai dawo fari? Kuma akwai fatan fure kafin bikin?

Baba Iliya mai lambu, Ɗa'if

Saiwa huɗu masu rai sun isa, Hajiya, in Allah Ya yarda za ta tashi. Wanda ya ƙone ba ya dawowa. Kada ki cire ganyen, koren tsakiyarsa yana aiki har yanzu. In bushewar ta dame ki, ki bi ta da almakashi mai tsabta ki rage, ki bar siririn layin ruwan ƙasa don kada ki shiga naman ganyen. Sabon ganye shi zai zo da farinsa cikakke, kuma Phalaenopsis ganye ɗaya ko biyu take yi a shekara, mai launi biyu ma ta fi nawa.

Fure kam kada ki sa rai a wannan bikin. Karan da tohonsa ya zube ki yanke shi daga gindi, ƙarfinta ya koma saiwa. Ba ta fitar da sabon kara sai ta sami makonni a jere na ɗan sanyi, in zafin ɗaki ya zauna sama da digiri 28 ganye kawai za ta yi ta yi. Mu a nan kan dutse daren Ɗa'if ke yi mana wannan aikin. Ku a Jidda sai Disamba da Janairu, ki bar ta kusa da gilashin taga da dare. Daga fitowar kara zuwa buɗewar fure kuma kusan wata uku ne.

A makon nan na farko kada ki jiƙa ta, ki bar inda kika yanke ya kame, ki ɗan fesa wa saman ɓawon ruwa da safe kawai. Taki sai kin ga sabon bakin saiwa ya fito. Ki riƙa leƙa ƙarƙashin ganye da lungun da suka haɗu da gindi, shuka mai rauni ita farin ƙwaron nan mai gashi-gashi yake bi. In kin gan shi, ki tsoma auduga a sifirit ki goge shi, ki sake dubawa bayan 'yan kwanaki saboda ƙwansa.