Musayar Baiti: Badagiri Bakin Teku

Ɗan Gaɓa:
Bismillahi, na ɗau alƙalamina,
Badagiri ce yau abin zancena,
Yamma da Ikko, dab da Seme take,
Iyakar Binin, ku ji bayanina.
Tafki a gabanta, sai tudun yashi,
Bayan yashin teku ke kwana.
Mutanen Egun ne, sarkinsu Akran,
Su da kwakwa da kifi sai ƙauna.

Basakkwace:
Ƙanena, taswira ka zana kawai,
Ɗan firamare ya iya ta sarai.
A 1825 Bature Kilafatin ya sauka nan,
Ya nufi Sakkwato, ka sani kuwa dai?
Zamanin Bello ne, can ya rasu,
A 1827, riƙe wannan da kai.

Gwaggo Mai Arulli: Allah gafarta malam, ɗangonka na uku ya karye. In aka karanta shekarar nan da baki, ita kaɗai gaɓa 16 ce. Ina sauran kalmomin za su zauna?

Basakkwace: Gwaggo, ido ke karanta lamba, ba harshe ba.

Gwaggo Mai Arulli: To waƙar kurame ke nan.

Ɗan Gaɓa:
Yaya, an kama ka da gurgun baiti,
Ka zo da shekara kamar akwati.
Ga tawa nan, ba ta ɗingishi:
Gidan bene na bakin titi,
'Yan mishan ne suka gina shi,
Bishop Ajayi Crowther ya zauna ciki, tabbati.

Mai Tafi: Kai! Ɗan Gaɓa ka gama da shi. Sakkwato ta kwanta.

Bazamfara: Wace gamawa? "Tabbati" ba kalma ba ce a nan, cusa ta ya yi don amsa-amo. Kuma tsoron Gwaggo ya hana shi faɗin shekarar: 1845 aka kammala benen.

Direban Kwale-kwale:
Ku bar gardama, ga abin amfani,
Mai son tsibirin Gberefu, mafitar bayi, ya je da rani.
Afrilu zuwa Yuli ruwa ake yi,
Hanya ta cika, laka ta yi ƙarni.
Ka ɗau katin shaida, akwai shingaye,
Hanyar iyaka ce, kowa ya sani.
A jirgi ka sa rigar ceto,
Ka zauna tsakiya, kar ka yi gigi ni.
In an sauka, ƙafa ce cikin yashi,
Fita da safe, rana na da ƙuna, ka gani.
Rijiya na hanya, aka ce bayi
An shayar da su don su manta gari da zamani.
Kar ka shiga teku wai don iyo,
Igiyar na ja ta ƙasa, ba ta sani.

Gwaggo Mai Arulli: Bayanin ya yi, amma "gigi ni" da ɗangon rijiya sun fi na Basakkwace rauni. Ɗaya ya yi tsawo kamar layin mai.

Basakkwace:
Gwaggo mai awo, ke ba baiti,
Kullum gyara, ba kya saƙa.
Ga gidan Seriki Abass na bayi,
Ɗakuna 40, duhu da baƙa,
Gidan Mobee na da sarƙoƙi,
Na wuya da ƙafa, har da na leɓe an maƙa.

Gwaggo Mai Arulli:
Ɗana, ga saƙar tunda ka nema,
Ka ƙirga gaɓa kafin ka kama.
Iskar gishiri na cin kwano,
Ƙusa ta yi tsatsa, rufi ya yi rama.
Haka baitinka, waje da ƙyalli,
Ciki ya rube, ba ya tsayuwa ma.

Bazamfara: "Tsayuwa ma" fa, Gwaggo? Ashe mai awo ma mudunta na yoyo.

Mai Tafi: Ba ruwana, ni dai ina bayan Ɗan Gaɓa. Ina ya shiga ne tun jiya?