Injin kafinta mai aiki biyar na hannu, in saya ko in haƙura?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu harkar katako ku taimaka min da shawara. Na yi ritaya bara, kuma tun ina makarantar koyon sana'a nake son aikin kafinta, ga garejina nan ba mota sai tarkace shi ne nake so in mayar da shi ɗan wurin aiki, ba don kasuwa ba sosai, kabad ne da benci da gyaran ƙofofin gida. Wani yaro dillali ya kai ni wajen kasuwar katako ta Na'ibawa a Kano gun wani kafinta da zai tashi daga shago, yana da Robland X31, ɗan Beljiyam na ainihi ba irin Beljiyam ɗin da muke ce wa duk kayan hannu ba. Yana yanka, yana goge fuskar falanki, yana daidaita kauri, yana fitar da ado a gefe, yana huda ramin haɗi. An kunna min na ji ƙara lafiya lau, tsatsa ce kawai kaɗan a tebur. Kuɗin da ya yanka ya kusa na Keke Napep na hannu. Sannan ɗan ƙanwata da ke Amurka ya ce a can ana samun tsohon Shopsmith Mark V da araha zai iya sako min a kwantena. Wanne ya fi, kuma me zan duba?

Injiniya Sadi:
Wa alaikumus salam Baba. Kafin maganar tsatsa, wace wuta ce a gidanku? Nan ne maganar take wallahi. X31 motar lantarki uku ce a cikinsa kowace doki 3, wato kilowat 2.2, kuma da yawa daga waɗanda ake shigowa da su daga Turai tiri fes ne, wato masu cin wuta layi uku, shagon kafinta a kasuwar katako yana iya samun layi uku amma gidan zama galibi layi ɗaya ne mai ƙarfin bolt 230. Ku koma ku leƙa farantin da ke manne jikin motar ku ɗauko hoto. In an rubuta 230/400 akwai dabara, ana sa masa inbata mai juya layi ɗaya zuwa uku, sai dai da yake mota uku ne sai an sake lissafin wayarin kuma ba kowane mai gyaran fanka zai iya ba. In singil fes ne ma, wato mai layi ɗaya, kar ku yi murna da wuri, mota irin wannan lokacin tashi tana zuƙar wuta ninki biyar ko shida na abin da take ci tana gudu, ɗan janaretan 2.5 da ake kunna firij da shi zai yi tari ne kawai ya mutu.

Na Amurkan kuma ni dai ba na ba ku shawara. Wutarsu bolt 120 ce 60 has (has shi ne yawan juyawar wuta a daƙiƙa ɗaya), tamu 230 ce 50. Taransifoma za ta gyara 120 ɗin amma ba ta gyara has, motar za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida. Ga shi ma aikinsa daban ne, zarto da injin sassaƙa da huda da faifan samfefa, in ba an haɗo da ƙarin kayansa ba ba zai goge muku falanki ba, kuma ramin tsakiyar faifan zartonsa inci ɗaya da kwata ne, na Turai milimita 30 wanda shi ake samu a nan cikin sauƙi.

Usta Mai Zarto:
Alhaji ƙara lafiya lau ba ta nuna komai, inji ba kaya a bakinsa ko mai ciwo ne zai yi waƙa. Ni shekara 22 ina wannan aikin kuma an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa, na sayi irin wannan mai haɗe-haɗen an fesa masa sabon fenti kore shar, sai da na kai shago na ga teburin gogewa ya tsage an like da walda an shafe, ƙarfen zubi kuwa in ya sha walda murɗewa yake, duk falankin da na tura sai ya fito kamar kwale-kwale. Dillalin ya karɓi la'adarsa ya kashe waya.

Ku je da katakonku. Ba afara ko obeche ba, waɗannan ko wuƙar kicin ta yanka su, ku sayi busasshen madaci ko iroko tubaifo, wato inci biyu da huɗu, mai tsawon ƙafa huɗu guda biyu. A goge gefen kowanne a haɗa su ku ɗaga wajen rana, in haske ya ratsa tsakani to tebur ba daidai yake ba. A tura ɗaya a wajen kauri ku auna farko da tsakiya da ƙarshe. Bayan minti 15 yana aiki a kashe a zare soket ku dafa gidan boris da bayan hannu, ɗumi ba komai, in ya ƙona ku to canji ne. Amma boris da bel ba abin tsoro ba ne, lamba ce a jikinsu kamar 6204 ko 6205, kasuwar Ƙofar Ruwa za ku samu. Wuƙaƙen gogewa guda uku ne milimita 310 su ma ana wasa su. Abin da ba a samu shi ne shingen da katako ke jingina da shi, da teburin da ke zamewa, da teburin huda, da ƙarfen nan da ke tsaye bayan zarto. Kafintoci cirewa suke su jefa ƙarƙashin benci har su ɓace, in ya ce muku yana gida zai kawo gobe, ku ce kuɗin ma suna gida.

Tsatsar sama kuwa kananzir da samfefa mai laushi, a bi da kyandir, shi ke nan. Ku kuma shinshina motar ku tambaya ko an taɓa yi mata riwayin, wato sake naɗa mata waya.

Maman Hanif:
Baba ni ba kafinta ba ce amma maigidana yana da ƙaramin irin wannan injin na China a tsakar gida, abin da zan ce ku tanadi kwaɗo na kulle makunnin saboda yara, kuma ban da babbar riga ko hannun kaftani a sake a kusa da shi. Yaron shagonsu ɗan guntun katako ya tura da hannu a wajen gogewa, kan yatsu biyu suka tafi kafin ya ce wash. Sai ƙura, har cikin tukunyar miya nake tsintar garin katako, maƙwabta kuma sai da aka yi sulhu ba kunnawa bayan magariba.

Usta Mai Zarto:
Gaskiyar Hajiya, duk abin da bai kai ƙafa ɗaya ba kar a goge shi a inji. Na manta, nauyinsa ya kusa rabin tan, ku auna ƙofar garejin tun yanzu kuma kar 'yan dako su ɗaga shi ta tebur, ta gindi ake cicciɓa da bututun ƙarfe a ƙasa ana gangarawa. Ga mutum ɗaya kamar ku sauya shi daga yanka zuwa gogewa ba damuwa, mu ne da yara huɗu ke layi a kan inji ɗaya yake ba mu haushi.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri duka. Na koma jiya da madacina, Injiniya farantin 230/400 ne na turo maka hoton. Usta haske bai ratsa ba alhamdulillahi, amma wajen kauri katakon yana tsayawa a tsakiya sai an tura da hannu, mai shi ya ce bel ne ya saki. Ƙarfen bayan zarto babu, ya ce tun da ya saya bai gan shi ba. Na ce ya rage kuɗin inbata ya ce sai ya yi shawara zuwa Asabar. Usta wannan tsayawar bel ne da gaske ko in ji tsoro, kuma ƙarfen nan masu walda za su iya yanko min irinsa?