Neman kalmar Hausa: me za mu kira tafiyar da Turawa ke cewa backpacking?

'Yan'uwa masu kishin harshe, abin da ya tayar da wannan magana shi ne wani aikin fassara da ya zo hannuna, inda wani Ba'amurke yake shirin shiga duwatsu shi kaɗai da karensa a tsakiyar sanyi. Kalmar da aka yi amfani da ita tana nufin mutum ya goya abincinsa da tantinsa da abin kwanciyarsa a baya, ya taka da ƙafa kwana da kwanaki, yana kwana inda dare ya yi masa.

Shawarar farko da aka ba ni ita ce yawon buɗe ido, amma ban gamsu da ita ba, domin mai yawon buɗe ido yana iya hawa mota ya kwana a otal, kuma kalmar tana ɓoye haɗarin da ke cikin lamarin. Mai bin hanyar duwatsun Apalachiya a Amurka, wadda aka kammala a 1937, mai tsawon kusan kilomita 3,500 cikin jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine, idan sanyi ya kama shi a sashen New Hampshire, yana kusa da dutsen Washington ne, inda aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa ɗaya a watan Afrilun 1934. Kalmar da za ta sa mai karatu ya zaci shaƙatawa ce kawai ba ta yi wa wannan tafiya adalci ba.

Tattaki ya fi kusa, kuma kunnen Bahaushe ya saba da shi, musamman tun 2015 lokacin da wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja. Sai dai tattaki bai faɗi komai game da kwana a daji ba. A nan ne na ga ya dace mu koma ga fatake masu zuwa Gwanja neman goro, waɗanda suke yini suna tafiya, da yamma su yada zango, su sauke kaya su dafa abinci, da asuba su tashi. Kalmar ta yi ƙarfi har unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara suna amsa sunan zango zuwa yau. Saboda haka nake ba da shawarar mu ce tattakin zango. Wani ɗan'uwa ya fi son tattakin goyo, kuma na fahimci hujjarsa, amma goyo shi kaɗai jariri yake kawowa a zuciya. Gara a bar shi ga jakar, a ce jakar goyo.

Lokacin tafiyar ma yana buƙatar gyara. Hunturunmu busasshiyar iska ce mai ƙura, nasu kuwa dusar ƙanƙara ce da ke daskarar da ruwan gora, ta cinye cajin batir da wuri, ta sa dole matafiyi ya narka ƙanƙara a kan risho kafin ya sha. Idan muka ce hunturun ƙanƙara, mai karatu a Kano ko Damagaram ba zai auna shi da sanyin da ya sani ba.

Kayan karen su ne suka fi faranta mini rai, domin kalmarsu tana nan a hannunmu tuntuni. Jakar da ake ɗora wa kare mai aljihu biyu, ɗaya a kowane gefe, ba ta da bambanci da mangalar da ake aza wa jaki, don haka mangalar kare ta wadatar. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada nauyinta ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin karen, kuma a daidaita gefunan biyu kamar yadda mai jaki ke yi. A cikinta ake sa abincinsa, wanda yake ƙaruwa saboda sanyi, da takalman kare masu hana ƙanƙara dunƙulewa a tsakanin yatsunsa, da shimfiɗarsa, tunda ƙasa mai sanyi tana zuƙe ɗumin jiki cikin dare. Mai shirin kuma sai ya duba doka, domin gandun dajin Baxter da ke ƙarshen hanyar Apalachiya a Maine ba ya karɓar karnuka, haka ma sashen hanyar da ya ratsa gandun dajin Great Smoky.

Jimlar da na rubuta a fassarar ita ce: yana shirin tattakin zango shi kaɗai da karensa a hunturun ƙanƙara. Ina roƙon 'yan'uwanmu na Nijar da Gana su karanta ta da ƙarfi, su gaya mini ko zango a kunnensu zai karkata zuwa unguwa maimakon masaukin matafiyi.