Yaya AFC Wimbledon ta taso daga mataki na tara zuwa gasar ƙwararru cikin shekara tara?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Tambayata ga masu bin ƙananan gasannin Ingila ce, ba Firimiya kaɗai ba. AFC Wimbledon kulob ne na wata unguwa a kudu maso yammacin Landan. An kafa shi a 2002, ba fili, ba 'yan wasa, ba attajirin da ya tsaya masa, amma zuwa 2011 ya shiga League Two, wato mataki na huɗu idan aka ƙirga daga Firimiya, kuma na ƙasa a gasar ƙwararru. Da wane kuɗi? Yaya ake riƙe 'yan wasan da ke zuwa aiki da rana su yi atisaye da dare? Kuma a ina irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe? Don Allah a ba ni bayani dalla-dalla, ba labarin sa'a ba.

Mai Usur:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sai mun ɗan koma baya, domin sunan sabo ne amma magoya bayan tsofaffi ne, kuma amsarka a nan take.

Tsohuwar Wimbledon FC tun 1889 take. Ta daɗe tana buga ƙananan gasanni, ta ci Southern League sau uku a jere daga 1975 zuwa 1977, aka zaɓe ta cikin gasar ƙwararru a 1977 a gurbin Workington. Zuwa 1986 tana rukunin farko, wato mataki mafi girma kafin a kafa Firimiya. A 1988 ta ci Liverpool ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin FA: Lawrie Sanchez ya ci da ka, gola Dave Beasant ya tare fenaritin John Aldridge. John Fashanu yana cikin 'yan wasan ranar, daga baya kuma Efan Ekoku ya zo.

Ɓarakar daga fili ta faro. Bayan turmutsitsin da ya kashe 'yan kallo a filin Hillsborough a 1989 an wajabta wa manyan kulob-kulob su mayar da filayensu na zama zalla. Wimbledon ta bar filinta na Plough Lane a 1991, ta koma haya a Selhurst Park na Crystal Palace. Aka ce na ɗan lokaci ne, aka shekara goma sha biyu. Ta faɗo daga Firimiya a 2000. Ranar 28 ga Mayu, 2002, wani kwamitin mutum uku da hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta naɗa ya amince, biyu da ɗaya, a kwashe kulob ɗin zuwa Milton Keynes, tafiyar kusan kilomita 90. Shi ne ya zama MK Dons a 2004.

Kwana biyu tak da wannan hukunci magoya baya suka kafa nasu. Sun fara neman shiga gasar Isthmian League, ƙuri'a ba ta kai ba, sai gasar Combined Counties da ke ƙasa da ita ta karɓe su, wato mataki na tara a lissafin yau. Ranar 29 ga Yuni suka kira gwaji a dandalin Wimbledon Common, kowa ya zo da takalminsa, mutum 230 suka fito, koci Terry Eames ya tsamo 'yan wasa daga ciki. Wasan sada zumunta na farko da Sutton United ne, aka lallasa su huɗu da nema. Ka manta da sakamakon, ka dubi ƙofa: 'yan kallo 4,657.

Hawan kuwa ga shi. Kakar farko sun ƙare a na uku. A 2004 suka ci gasar ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba, cikin jerin wasanni 78 na gasa da suka yi ba rashin nasara daga Fabrairun 2003 zuwa Disambar 2004. A 2005 suka sake haurawa, suka maƙale shekara uku a mataki na bakwai, suka kuɓuce a 2008 bayan doke Staines Town biyu da ɗaya a wasan cike gurbi. A 2009 suka ɗauki Conference South, gasar mataki na shida, suka hau na biyar. Ranar 21 ga Mayu, 2011, a birnin Manchester, suka tashi babu ci da Luton Town, aka je bugun fenariti, kyaftin Danny Kedwell ya buga na ƙarshe, huɗu da uku, suka shiga League Two.

Akawun Kulob:
Malam Mai Usur ya kawo tarihi daidai. Ni batun kuɗi zan taɓa, tunda nan tambayar ta fi nauyi.

A mataki na tara akwai kulob ɗin da idan ya ga mutum ɗari a ƙofa ya yi kasuwa. A lokacin AFC Wimbledon tana tara kimanin 3,000 a kowane wasan gida. A wasansu na farko na gasa, a filin Sandhurst Town, mutum 2,449 suka je, har sai da masu gida suka jera dammunan ciyawa don na baya su hau su gani. To ka ɗauki kowane farashin tikiti kake so ka ninka shi sau 3,000, abokin hamayya kuma ya ninka sau 100. Wannan giɓin shi ya sayo musu 'yan wasan da ya kamata a ce suna mataki biyu ko uku sama. Ga kuma tallan riga: kamfanin Sports Interactive, masu wasan kwamfuta na Football Manager, sun ɗauki nauyinsa tun 2002.

Abu na biyu, aikin sa kai. Masu sayar da tikiti, masu tsaron ƙofa, masu buga takardar wasa, yawancinsu magoya baya ne da ba sa karɓar ko sisi. Erik Samuelson, akawu ne da ya yi ritaya, ya shugabanci harkokin kulob ɗin shekaru yana karɓar gini ɗaya a shekara, wato fam ɗaya da kwabo biyar. Kuɗin da wasu ke kashewa a ofis, su a ƙafar 'yan wasa suka zuba shi.

Na uku, kuma a ganina shi ne shawara mafi muhimmanci da suka yanke: a 2003, suna mataki na tara, suka sayi haƙƙin filin Kingsmeadow inda suke haya, a kan sama da fam miliyan 2. Sun sayar wa magoya baya hannun jari, ragowar suka ci bashi suka yi ta biya. Me ya sa ya fi muhimmanci? Domin a Ingila cin gasa kaɗai ba ya haurar da kai. Kowane mataki yana da sharuɗɗan fili: yawan mutanen da zai ɗauka, kujerun da ke ƙarƙashin rufi, hasken fitilu, ɗakunan sauya kaya, ƙofofin shiga. Akwai wa'adi, yawanci ƙarshen Maris. Idan masu duba fili suka zo ba ka cika ba, ko kai ne na ɗaya za ka zauna inda kake. Ɗan haya kuwa ba ya iya fasa bango ya ƙara rumfa yadda ya ga dama. Kingsmeadow yana ɗaukar 4,850, ya isa shiga League Two, saboda haka ba su taɓa cin gasa fili ya riƙe musu ƙafa ba.

Mallakar kulob ɗin tana hannun Dons Trust, ƙungiyar magoya baya: ka biya kuɗin shekara, kana da ƙuri'a ɗaya, ko kai wane ne. Sayar da fili ko sauya suna sai da rinjaye mai yawa na mambobi. Wanda maciji ya sara.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka da alheri. To ina batun 'yan wasan da kuma tuntuɓen?

Tsohon Koci:
Tsarin da aka saba shi ne atisaye sau biyu a mako, daren Talata da Alhamis, wasa ranar Asabar ƙarfe uku. Idan akwai wasan tsakiyar mako, Talata ta tafi, saura atisaye ɗaya. Ɗan wasa yana iya zama magini ko malamin makaranta ko mai raba wasiƙu, ƙwallo kuma ƙarin kuɗin cefane ce. Kashi biyu ne: masu kwantiragi, da waɗanda aka yi wa rajista kawai. Na biyun, duk kulob ɗin da ke son sa zai aiko da takardar sanarwa ta kwana bakwai, daga nan ya yi magana da shi, ya tafi ba a biya ka komai ba. Shi ya sa ake ɗaure huɗu ko biyar mafi kyau da kwantiragi. Amma kwantiragi kaifi biyu gare shi: a wancan lokacin idan ɗan wasa ya karye a Oktoba, sai ka yi ta biyan sa har kaka ta ƙare.

Tuntuɓe mafi muni da suka yi a takarda ne, ba a fili ba. A kakar 2006 zuwa 2007 suka ɗauki Jermaine Darlington, wanda kulob ɗinsa na baya Cardiff City ne. Cardiff a gasar Ingila take wasa, amma rajistarta a hukumar ƙwallon Wales take, don haka dole a nemi takardar sauya sheƙa ta ƙasa da ƙasa. Ba a nema ba. Aka kore su daga kofin FA Trophy na ƙananan kulob-kulob, aka zabtare musu maki 18, wato duk abin da suka samu a wasannin da ya buga. Maganar har majalisar dokoki ta kai a zamanin firaminista Tony Blair. Da suka ɗaukaka ƙara aka mayar da shi maki 3. Sakataren kulob ya fi ɗan gaba mai cin ƙwallo ashirin haɗari idan ya yi kuskure.

Sai lokacin komawa cikakkun ƙwararru. A mataki na biyar gasar ta ƙasa baki ɗaya ce, a lokacin za ka tashi daga Landan zuwa Gateshead ko Barrow a can arewacin Ingila. Mai aikin ofis ba zai dawo gida ƙarfe uku na dare ranar Laraba ya tafi aiki da safe, mako bayan mako ba. Kocinsu Terry Brown ya yi kaka ɗaya a haka, suka ƙare na takwas a 2010, sannan suka koma atisayen safe kullum. Wasu tsofaffin 'yan wasa suka tafi don ba za su ajiye aikinsu ba, ya cike da matasa. Wanda ya yi wannan sauyi da wuri albashi ya cinye shi, wanda ya makara kuma ƙafafu su mutu a Fabrairu. Ka tuna gurbi biyu kacal ake haurawa daga wannan mataki.

Hajiyar Tamaula:
Malamai, kun yi bayani, amma kada Ɗan Kurna ya ɗauka duk wata ƙungiyar unguwa za ta iya kwaikwayo. Wimbledon ta gaji dubban magoya bayan kulob ɗin Firimiya ne. Sutton United, maƙwabciyarta, tun 1898 take, sai 2021 ta shiga League Two, kuma sai da ta tone ciyawar roba da ke kawo mata kuɗin haya kullum, saboda gasar ƙwararru ba ta yarda da ita. Shekara uku ta yi ta faɗo.

Kuma sayen Kingsmeadow da ake yabo, akwai wanda ya ji a jika. Kingstonian, masu filin na asali, sun koma 'yan haya a gidansu, da aka sayar wa Chelsea filin kuma suka fita a 2017.

Ƙarfin kuɗin ƙofa ma yana da iyaka. Mutum 4,000 a mataki na tara sarauta ce, a League One, mataki na uku, talauci ne. 'Yan AFC Wimbledon sun hau can a 2016 bayan cin Plymouth biyu da nema a Wembley, Adebayo Akinfenwa ya ci na biyun da fenariti, daga nan kusan kowace kaka fafutukar tsira ce har suka faɗo a 2022. Sabon filin da suka gina, shi ma Plough Lane, mai ɗaukar mutum 9,000 da 'yan kai, ya ci sama da fam miliyan 30. Ana tsakiyar gini a ƙarshen 2019 aka gano giɓin fam miliyan 11. Maimakon su sayar da kulob ɗin, magoya baya suka ranta masa sama da miliyan 5, kowa ya zaɓi ruwan da yake so a biya shi, wani ɗan kasuwa kuma ya sayi kashi 10 cikin ɗari. An buɗe filin ranar 3 ga Nuwamba, 2020, da Doncaster, biyu da biyu, ba ɗan kallo ko ɗaya saboda korona. Rancen nan bashi ne, wa'adinsa na zuwa, kuma daga aljihun da ake biyan 'yan wasa yake fita. A Satumbar 2024 kogin Wandle ya yi ambaliya ya lalata filin, aka mayar da wasansu da Newcastle can St James' Park. A ƙarshen wannan kakar dai suka ci Walsall ɗaya da nema a Wembley suka koma League One.