Diyya, tara, ko biyan ɓarna?

Jama'a, ku zo mu yanke wata magana. Abin da aka ɗora wa Jamus ta biya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda Turawa ke kira reparations, me za mu ce masa da Hausa? Kunnenmu ya saba da "diyyar yaƙi", amma ni kalmar ba ta kwanta mini ba.

Diyya a wurinmu tana da ƙa'ida. An san adadinta tun kafin a yi laifin, raƙumi ɗari ko ƙimarsu, kuma rai ko gaɓa ake biya da ita. Da an biya, magana ta mutu. To ranar 28 ga Yuni 1919, da wakilan Jamus suka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a fadar Versailles ta Faransa, ba su ma san nawa ake binsu ba. Sai a 1921 aka tsayar da mak na zinariya (kuɗin Jamus) biliyan 132. Wace irin diyya ce ake amsawa kafin a ji adadinta?

Akwai masu cewa tara. Ita tara wurinta daban. A 1871 Faransa ta sha kashi a hannun Jamusawa, aka sa ta biya faran biliyan 5, horon wanda aka kayar. Irin wannan ne Shugaba Woodrow Wilson na Amurka ya ƙi. Sharaɗin da aka gindaya tun kafin a ajiye makamai ranar 11 ga Nuwamba 1918 shi ne Jamus ta biya abin da ta lalata wa fararen hula da dukiyarsu.

Shawarata ita ce "biyan ɓarnar yaƙi". Duk ɗan karkara ya san tsarin: shanu sun shiga gona, dattawa su je su gani da ido, a ƙiyasta, makiyayi ya biya ɓarna. Ba a san kuɗin ba sai an duba, kuma ba lalle da tsaba za a biya ba. Haka yarjejeniyar take. Sojojin Jamus sun cika ramukan kwal na arewacin Faransa da ruwa yayin da suke ja da baya, sai aka ba Faransa ma'adinan kwal na yankin Saar na Jamus. Aka karɓi jiragen ruwa, aka karɓi katako. Har dabbobi aka lissafa: shanun tatsa 90,000 ga Faransa, 50,000 ga Beljiyam, ban da tumaki da goɗiyoyi.

Na san inda za a kama ni. Birtaniya ba a yi yaƙi a ƙasarta ba, kasonta zai yi kaɗan, don haka Jan Smuts na Afirka ta Kudu, wadda ke cikin daular Birtaniya a lokacin, ya kawo hujjar a saka fanshon sojoji da na matan da aka kashe wa maza cikin lissafi. Da wannan, da sashe na 231 na yarjejeniyar da ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin asarar, Bajamushe zai rantse tara aka ci shi. Yana da gaskiyarsa. Sai dai ai rigimar biyan ɓarna kullum a wurin ƙiyasi take, kuma a nan aka yi ta kokawa: Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr na Jamus a Janairun 1923 kan kwal da katakon da ba a kawo ba, aka sake tsarin biya a 1924 da 1929, a 1932 kuma aka yi watsi da shi a taron birnin Lausanne.

Gargaɗi ɗaya, kada a taƙaita a ce "kuɗin ɓarna", za a ɗauka almubazzaranci ake nufi. Batun cinikin bayi kuwa, da shi ma ake amfani da wannan kalma ta Turanci, can diyya ta fi dacewa, tunda rayuka ake magana.

'Yan'uwa na Nijar, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me gidajen rediyonku ke cewa?