Hunturu na busar mini da furen okid, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu renon furanni. Ina da ƙaramin okid irin Aerangis biloba, wanda a daji jikin bishiya yake maƙalewa. Na ɗaure shi a ɓawon itace da zaren fatsa, da 'yar gansakuka a ƙarƙashin saiwoyin. Da damina lafiya lau, har sabuwar saiwa ta kama ɓawon.

Amma tun shigowar hunturu nan Jos, kafin azahar ya bushe ƙamas, ganyen sai yamushewa yake. Da na ƙara gansakuka, gindin ya soma baƙi. Ruwan burtsatse nake fesa masa, ga wani fari-fari kamar kanwa a ɓawon. Ko ruwan ne?

In mayar da shi tukunyar ƙasa da gawayi, ko ɓamɓare saiwar zai kashe shi? Don Allah a taimaka.